Mai Gadin Ƙofa Biyu

Shekara talatin da ɗaya na riƙe makullan jami'ar nan,
a kudancin Chile, inda ruwan sama ba ya sallama.
Ban taɓa zama a ajinta ba.
Ni ne Eleuterio, mai buɗe ƙofa da duku-duku,
na san farfesan da ke manta lemarsa,
na san ɗalibin da ke kai dare a ɗakin karatu
don ɗakinsa ba murhu.

Da na ajiye makullai, jikata Maite ta ce,
"Kaka, ga wata ƙofar da ba mai gadi."
Ta nuna mini kundin sanin da kowa ke sa wa hannu,
da maƙalar jami'armu a ciki,
ta kumbura kamar ƙullun da yis ya yi wa yawa.

"Fitacciya a duk nahiya."
"Cibiyar hazaƙa marar tsara."
Na gyara zaman tabarau, na ce: in ji wa?
Na cire. Da safe ta dawo.
Na cire. Ta dawo da ƙarin kwalliya.
Ashe Fresia ce ta ofishin talla,
wadda na taɓa raka wa bakin titi da fitila.
Na ce, 'yata, yabon kai jahilci ne.
Kawo bakin wani na waje, da shafi, da shekara.
Ta kawo. Na sha huɗu muke, ba na ɗaya ba.
Muka rubuta sha huɗu,
itatuwan haraba ba su zubar da ganye ko ɗaya ba.

Wani ya cusa kawunsa mai sayar da kifi
a jerin fitattun tsofaffin ɗalibai.
Na san kifin, babu kamarsa a kasuwa.
Na cire shi duk da haka.

Sai ƙofar ta datse mini nawa yatsan.
Daren da kogi ya sauka ɗakin ajiyar littattafai,
ni na fara gani, ruwa har gwiwa.
Da ni da Nibaldo mai shara
muka kwana muna miƙa wa juna kundaye a kan tsani.
Na rubuta haka, layi uku tak.
Wani da ban san fuskarsa ba, daga wata uwa duniya,
ya mayar mini da tambayata: in ji wa?

In ji gwiwoyina, na ce,
masu tsami har yau in hadari ya haɗo.
Ya ce, yi haƙuri, dattijo,
mai karatu ba zai iya buɗe gwiwarka ya duba ba.
Na girma da sanin gani ya kori ji,
ga shi takarda tana korar gani.

Kwana uku ina cika ina batsewa.
Ran na huɗu na hau bas zuwa ma'adanar gari,
na yi ta juya tsofaffin jaridu masu warin danshi.
Ga shi nan, a shafi na bakwai, ƙasa da farashin itace:
littafi dubu biyu suka tsira,
"da taimakon ma'aikata biyu."
Ba sunana, ba na Nibaldo.
Shekarar ma ba wadda na rantse a kai ba ce,
na zarce da ɗaya.

Na gyara da hannuna. Na yi wa baƙon godiya,
ko da yake sai da na haɗiyi miyau.

Yanzu kowane dare, ruwa na kiɗa a kan kwano,
nakan leƙa in ga wa ya shigo, me ya taɓa.
Jiya wani ya ɗaga waƙafi ɗaya ya tafi.
Fresia ta sabunta yawan ɗalibai, da madogara a gindi.
Nakan gangara har layin ambaliya,
in karanta "ma'aikata biyu" a fili,
in faɗi sunan Nibaldo, tunda ya riga ni,
sannan in kashe fitila.